Harsashi Mai Tsinke da Gardamar Fili a New Bell

Duk wanda ya taɓa haƙa rami a New Bell, na masai ne ko na harsashin gini, ya san ƙasar unguwar nan ba ta gajiya da amayo kayan mutanen da. Kwalaben magani masu kauri, fasassun tangaran, maɓallan riga, kwabban da suka daina ci tun kafin a haifi iyayenmu. Yawancinsu yara ke kwashewa, su yi wasa da su kwana biyu su watsar a kwata. A cikin irin wannan tarkace lokaci-lokaci akan ci karo da wani ɗan bututun tagulla, gajere, bai kai gaɓar yatsa ba, gindinsa a toshe, ga wani ɗan tsinke ya leƙo daga gefensa kamar ƙayar kifi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka murfin alƙalami ne ko wani abu daga cikin tsohuwar rediyo. Kwanson harsashi ne, kuma irinsa ya girmi duk wani bene da ke tsaye a Akwa.

Faransawa suna ce masa cartouche à broche. Ni a shirina na tarihin gari ina kiransa harsashi mai tsinke, masu sauraro kuma suka karɓi sunan. Harsashin da muka sani yau, a tsakiyar gindinsa ake dukansa: akwai wani ɗan ƙoƙo da'ira, kunama ta sare shi, wuta ta kama albarushi. Shi kuwa wannan ƙoƙon wutar a ciki yake, an ɓoye shi, sai aka soka tsinke daga gefe ya je ya tsaya a kansa. Bindigar tana da 'yar tsaga inda tsinken zai leƙo waje, kunama ta faɗo masa daga sama kamar guduma a kan ƙusa. Wani maƙerin bindiga na Faransa, Casimir Lefaucheux, shi ya fito da dabarar a shekarun 1830, wani mai suna Houllier ya gyara ta a 1846. Ɗan Casimir, Eugène, ya ƙera libarba mai cin irin wannan harsashi a 1854, rundunar ruwa ta Faransa ta ɗauke ta a 1858. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an yi amfani da dubbansu. Daga nan maƙeran birnin Liège na Beljiyam suka shiga kwaikwayo, suka cika duniya da ƙananan libarba masu araha, irin wadda akawu ko matuƙin jirgin ruwa zai jefa a aljihun kwat.

Aibinsa shi ne tsinken nan nasa. Harsashi ya faɗi a kan dutse ta gefen tsinke, yana iya tashi. Wajen ɗurawa kuma dole a daidaita kowane tsinke da tsagarsa, abin da ba ya yiwuwa cikin gaggawa da duhu. Saboda haka sojoji suka yi watsi da shi da wuri, tun a shekarun 1870. Ya koma hannun farar hula, maharba da 'yan kasuwa da talakawan ƙauyukan Turai, kuma kamfanoni suka ci gaba da yi musu shi har bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan tsawon ran nasa shi ne ke rikitar da duk mai son sanya masa shekara, kuma shi ne ya jefa ni tsakiyar wata gardama da ba tawa ba.

Wani dattijo daga cikin masu sauraronmu, wanda a nan zan kira Baba Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa a layinsu, ya aiko jikansa gidan rediyo ya ce in je. Gidansu na cikin tsofaffin gidajen unguwar Hausawa, ba nisa da babban masallaci. Suna haƙa sabon masai a bayan gida, lebura ya tono wani gwangwani mai murfi, tsatsa ta cinye shi saura kaɗan. Da suka fasa, sai ga kwansuna goma sha ɗaya, da harsashi ɗaya da ba a harba ba, da wani baƙin dunƙule da tsumma ya manne masa. Wannan bayan gida kuwa shi ne ainihin wurin da suke ja-in-ja da maƙwabtansu shekara da shekaru, taku shida a tsaye, taku huɗu a kwance. A wani gari wannan ba abin ɗaga murya ba ne. A New Bell ɗaki ne na haya, kuɗin makarantar yara biyu.

Ya zube su a faifai ya ce, “Ɗana, kai ne mai labarin da. Kakana sojan Jamus ne, tare da su ya sauko daga Banyo. Ga shaidarsa Allah ya fito da ita. Ina so ka faɗa a rediyo kowa ya ji, tun kafin Faransa ta zo muna nan.”

Na ce, “Baba, a ba ni su in duba tukuna. Ƙarfe ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin abin da ba a tambaye shi ba.”

Ya yi dariya ya ce in ɗauka, ban da mai ran. Na ce shi ma kada yaro ya taɓa shi, kada a jefa shi a aljihu tare da makullai.

Matakin farko mai sauƙi ne, kowa zai iya. A juya gindin kwanson. In akwai ƙoƙo a tsakiya da ɗan lotsawa, na zamani ne. In gindin sumul yake amma akwai tabon duka a bakin da'irar, wani iri ne dabam, wanda ake duka a gefen gindi, kamar ƙananan harsasan harbin tsuntsu. In kuwa gindin sumul yake ba tabo ko ɗaya, a duba jikinsa kusa da gindi: ko tsinke, ko ƙaramar ƙofar da tsinken ya fita ya bari. Duk goma sha ɗayan na Baba Alhaji masu tsinke ne, huɗu sun rasa tsinkensu.

Sai awo. Na je wurin wani bakanike abokina na ari ma'aunin kaurin ƙarfe da suke auna fistin da shi. Harsasan libarba na wannan iri suna da girma sanannu: milimita 5, 7, 9, 12 da 15. Mai 7 shi ya fi yawa a duniya, shi ne na aljihu. Mai 12 shi ne na sojan ruwa da manyan libarba. Bakwai daga cikin namu masu 7 ne. Sauran huɗun faffaɗa ne, gajeru ƙwarai, kamar murfin kwalba, da ragowar wani abu baƙi a ciki. Waɗannan gindin harsashin farauta ne. Jikinsu na takarda ne mai kauri, gindin kaɗai ke da tagulla, kuma a garin da ruwan sama ke kusan milimita 4,000 a shekara takarda ba ta kwana a ƙasa. Lambar da ke gindinsu 16 ce, wato girman bakin bindigar farauta da Faransawa suka fi so a wancan zamani.

Ina roƙon duk wanda ya tsinci irin wannan abu ya yi haƙuri da lemun tsami da toka. Na san haka iyayenmu mata ke fito da hasken tagulla, amma rubutun da ke gindin kwanso siriri ne, guga ɗaya mai ƙarfi ta tafi da shi, kuma shi ne duk abin da ake nema. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa. In ya bushe, a kashe fitilar ɗaki, a haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, sai haruffan su yi inuwa su fito. Kyamarar waya in an matso da ita tana ganin abin da ido ya kasa.

A nan ne aikin yake da daɗi. Masu tara irin waɗannan kaya sun lura cewa na farko-farko yawanci jan ƙarfe ne, haruffansu a tashe suke kamar tambarin kwabo, wani lokaci ma lamba ce kaɗai ba suna. Na baya-baya kuwa tagulla ce mai ruwan ɗorawa, haruffan a nutse. Wannan alama ce kawai, ba hukunci ba, domin kamfanoni ba rana ɗaya suka sauya ba. Abin da ke yanke magana shi ne sunan kamfani, don kamfani yana da ranar haihuwa. Gévelot, mai masana'anta a Issy-les-Moulineaux kusa da Paris, da Gaupillat sun haɗe a 1884 suka zama Société Française des Munitions. Saboda haka duk kwanson da ke ɗauke da haruffan SFM ba a yi shi kafin 1884 ba, ko da wa ya rantse. Eley na Landan da Kynoch na Birmingham abokan gasa ne har zuwa 1918 da aka haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya. In an ga sunayen biyu tare a gindi ɗaya, bayan yaƙin duniya na ɗaya ne. Fiocchi na Italiya a 1876 aka kafa shi. BB na nufin Braun da Bloem na Düsseldorf a Jamus, SB kuma Sellier da Bellot, waɗanda suka fara a Prag tun 1825. Da a ce na ga BB a faifan Baba Alhaji, da na ce to, aƙalla kayan Jamus ne.

Biyar daga cikin masu 7 ɗin SFM ne ƙarara. Biyu sun ci tsatsa har ba a karanta komai. Na farautar huɗu su ma na wannan kamfani ne. Kayan Faransa ne, an yi su a 1884 ko bayanta.

Shekarar ta ba ni dariya, domin ita ce shekarar da kowane ɗan makaranta a Kamaru ya haddace. Ran 12 ga Yuli 1884 sarakunan Duwala, Ndumbe Lobe Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus, Woermann da Jantzen & Thormählen, bayan kwana biyu Gustav Nachtigal ya ɗaga tuta. Jikan Baba Alhaji da ya ji 1884 sai ya yi tsalle, ya ce magana ta ƙare. Na ce masa ya zauna. Tambarin kamfani yana faɗin ranar da abu ba zai girme ta ba. Ba ya faɗin ranar da aka saye shi, balle ranar da aka binne shi. Kamfanin ya yi shekaru da dama yana buga haruffan nan.

Sai batun soja. Gaskiya ne Jamusawa sun ɗauki Hausawa aikin ɗan sanda da na soja, gaskiya ne kuma fataken Hausawa sun biyo hanyar Banyo da Tibati da Yoko har bakin teku a zamaninsu. Ban yi wa Baba Alhaji musun kakansa ba. Amma sojan Jamus a Kamaru bindigar Mauser yake riƙewa, samfurin 1871 mai harsashin milimita 11, daga baya samfurin 98, kuma duka a tsakiyar gindi ake dukansu. Kwansonsu dogo ne mai wuya kamar kwalba, ba ya kama da waɗannan ko kaɗan. Faransawan da suka shigo Duwala tare da Ingilishi ran 27 ga Satumba 1914 su ma Lebel da Berthier suka zo da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan rundunoni da ta taka garin nan da harsashi mai tsinke a matsayin kayan aiki. Abin da ke faifan kayan farar hula ne: libarbar aljihu da bindigar harbin gada.

Kuma ko unguwar kanta tana da ranar haihuwa. Tun daga 1910 gwamnatin Jamus ta ƙudura ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun mutanen Duwala, ta mayar da su can baya, da tazarar kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa, wai don kiwon lafiya. Sabon wurin da aka yanka wa mutanen Bell shi ne Neu-Bell. A kan wannan ƙwace ne Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka har aka rataye shi tare da Ngoso Din ran 8 ga Agusta 1914. Da Jamus ta tafi, yawancin 'yan ƙasa ba su so zaman wurin da aka tilasta musu ba, sai ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Basa, Bamileke, Ewondo, mutanen Togo da Dahomey da Najeriya. Abin da ya sa ke nan har yau takardun fili a New Bell suke da wuyar sha'ani. Mutane da yawa sun zauna ne da izinin baki daga mai ƙasa, aka haifi 'ya'ya da jikoki, ba a taɓa rubuta komai ba. Wanda ba shi da takarda kuwa, ko gwangwani ya tono sai ya so ya mai da shi takarda. Ban ga laifin Baba Alhaji ba.

Baƙin dunƙulen nan ne ya raba gardama. Na jiƙa shi kwana biyu, tsumman ya saki, sai ga kuɗi guda: faran ɗaya, mai launin ruwan zinariya, an rubuta Cameroun da bayanin cewa ƙasa ce da ke ƙarƙashin riƙon amanar Faransa, ga shekara 1925. Faransa ta buga wa Kamaru irin waɗannan kuɗi daga 1924 zuwa 1926. Ƙa'idar masu tonon tarihi a nan ba ta da wuya: in an sami kaya a rufe wuri ɗaya, mafi ƙuruciya a cikinsu shi ke faɗin lokacin da ba a rufe kafinsa ba. Kwansunan suna iya zama na 1890, suna iya zama na 1930. Murfin gwangwanin dai ba a danna shi ba sai a 1925 ko bayanta, shekara goma sha ɗaya aƙalla bayan Jamus ta bar Duwala.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya tara su. Kwanso ɗaya a ƙasa ba ya nufin komai a New Bell, domin fadama ce da aka yi ta cikewa da ƙasa da shara daga wasu wurare. Abin da ka tono a bayan gidanka wataƙila a mota aka kawo shi daga Bonanjo. Amma goma sha ɗaya a gwangwani da kuɗi a ƙulle cikin tsumma, hannun mutum ne. Maharba ba sa zubar da kwanson mai tsinke, domin ana sake ɗura shi: a zare tsinke, a sa sabon ƙoƙon wuta, a zuba albarushi da dalma. Ga wanda harsashi ke yi wa wuyar samu, kwanso dukiya ne. Kuma ya yi wuyar samu, domin tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka amince a tsakaninsu cewa ba za a sayar wa baƙar fata bindigar zamani ba, sai bindigar toka da albarushinta. A ƙarƙashin Faransa, mulkin indijena da bai ƙare ba sai 1946 ya ba kwamanda ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. A ganina mai gwangwanin nan mutum ne da ya mallaki abin da bai kamata a gan shi da shi ba, wata rana ya ji ana bincike gida-gida, ya haƙa rami. New Bell kuwa ta ga irin waɗannan ranaku: Satumban 1945, Mayun 1955, da shekarun da suka biyo baya.

A nan ne na ƙi abin da Baba Alhaji ya nema, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi. Labarin gwangwanin ya riga ya zaga layi, kuma wani daga ɓangaren maƙwabtan ya fara cewa ai ga shi nan, makaman 1960 ne. Wanda bai tashi a Duwala ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ran 24 ga Afrilu 1960 gobara ta cinye unguwar Kongo, kuma har yau in an tayar da zancen wanda ya kunna ta, Bahaushe da Bamileke da suka yi shekara talatin suna cin kasuwa ɗaya sai kowa ya sunkuyar da kai. Rediyo ba zaure ba ne. Abin da na faɗa da ƙarfe tara na dare, kafin asuba ya isa Nkololun da Makeya da Kasuwar Kongo, ya sauya riga sau uku a hanya. In na ce an tono harsasai a gidan Bahaushe a New Bell, ba mai tsayawa ya ji SFM ko 1925. Kuma kwansunan ba su ce 1960 ba, kamar yadda ba su ce 1914 ba.

Na koma na same shi bayan la'asar na shimfiɗa masa komai, da kuɗin a tafin hannuna. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce, “To, ɗana, ka kashe mini sojana ke nan.” Na ce, “A'a Baba, sojanka yana nan, gwangwanin ne ba nasa ba. Amma ka tuna wa ke zaune a gidan nan lokacin da faran ɗaya ke sayen abinci.” Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani ƙanen mahaifinsa, mahauci, wanda ake cewa yana zuwa farauta wajen Bonaberi tare da wani Bature mai kanti, kuma Baturen ya bar masa kaya da zai koma gida. Wannan labari bai taɓa ba shi muhimmanci ba, domin mahauci ba soja ba ne. Ni kuwa shi na fi yarda da shi, don ya dace da bindigar farauta mai lamba 16, ya dace da kayan Faransa, ya dace da shekarun.

Jikan ya tambaye ni ko za su yi kuɗi. Ya ji an ce libarbar Lefaucheux mai milimita 7 da ake kyautata zaton da ita mai zanen nan Van Gogh ya harbi kansa an sayar da ita a Paris a 2019 kan yuro 162,500, sama da sefa miliyan 100. Haka ne, an sayar. Amma sunan mai zanen aka saya. Kwanson SFM mai 7 an yi shi miliyoyi, a Turai manoma na tono shi a gona. Kuɗinsa ba zai kai mutum Akwa a kan babur ya dawo da shi ba.

Mai ran kuwa na ba da shawara a rabu da shi. Albarushi in ya samu wuri busasshe yana iya tashi bayan shekara ɗari. Mai unguwa ya karɓa ya miƙa wa hukuma. Sauran Baba Alhaji ya sa aka zuba su a kwalbar zuma da aka wanke, tare da kuɗin da wata takarda da na rubuta da Hausa da Faransanci: inda aka tono, zurfin ramin, ranar, da abin da ke rubuce a gindin kowanne. Maganar filin tana gaban dattawan unguwa, kuma a zama na ƙarshe an ce kowane ɓangare ya kawo tsofaffin rasiɗan haraji da na ruwa.